Har yanzu Yahudawa ne zaɓaɓɓun Allah, ko Ikkilisiya ta gaje su?

Malamar Lahadi, Tumfure:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Taimako nake nema. A ajin yara muna cikin Maimaitawar Shari'a sura 7, inda Musa yake gaya wa Isra'ilawa cewa Ubangiji ya zaɓe su daga cikin dukan al'umman duniya su zama jama'arsa ta musamman. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu fa? Mu Allah bai zaɓe mu ba?" Na buɗe mata 1 Bitrus 2:9, inda aka kira masu bi zaɓaɓɓiyar kabila. Sai wani yaro daga baya ya ce, "Ke nan an cire Yahudawa an sa mu." Ajin ya yi tsit suna kallona. Me zan koya musu ranar Lahadi mai zuwa? Ba na so in sa wa yara abin da zai bi su har girma alhali ba haka Littafi ya faɗa ba.

Ɗan Billiri:
'Yar'uwa, ki gaya wa yaron nan ba a cire kowa ba. Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya. Farawa 12:3, wanda ya sa wa Ibrahim albarka za a sa masa, wanda ya la'anta shi za a la'anta shi. Farawa 17, madawwamin alkawari ne, har da ƙasar Kan'ana a ciki. Ku dubi tarihi mana. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, mutanen nan suka warwatsu ko'ina a duniya, amma a 1948 suka dawo suka kafa ƙasa, da harshensu na Ibraniyanci a bakinsu. Ina Filistiyawan zamanin Goliyat? Ina Amalekawa? Ina Mowabawa? Su kuwa ga su nan. Wanda ya karanta Ezekiyel 37, busassun ƙasusuwan da suka tashi, ya kuma ga wannan, me ya rage masa na shakka? Mu dai aikinmu Zabura 122:6, mu yi wa Urushalima addu'ar salama.

Ɗalibin Tauhidi, Bauchi:
Yayana Ɗan Billiri, ka tsaya a Farawa, ba ka ƙarasa zuwa Galatiyawa ba. Bulus Bayahude ne, Bafarisiye ma, shi ya ce a Galatiyawa 3:16 zuriyar da aka yi wa alkawarin nan Almasihu ne, a aya ta 29 kuma ya ce in ku na Almasihu ne, ku ne zuriyar Ibrahim, magada bisa ga alkawari. A Romawa 9:6 ya ce ba dukan waɗanda suka fito daga Isra'ila ne Isra'ila ba. Yesu da bakinsa a Matiyu 21:43 ya ce za a karɓe Mulkin Allah a ba al'ummar da za ta ba da amfaninsa. Kuma ayar Farawa 12:3 da kake jawowa, ka karanta ƙarshenta: ta wurin Ibrahim dukan kabilan duniya za su sami albarka. Can maganar ta nufa tun farko.

Wani abu kuma da ba a cika gaya mana a majami'a ba. Wannan koyarwa ta cewa Allah yana da jama'a biyu da shiri biyu, ɗaya na Isra'ila a ƙasa, ɗaya na Ikkilisiya a sama, ba tsohuwa ba ce. John Nelson Darby ne ya tsara ta a Ireland da Ingila cikin ƙarni na 19, sannan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909 ya yaɗa ta a Amurka. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da suka iso Kaltungo a 1917, da waɗanda suka biyo bayansu, yawancinsu daga Amurka da Kanada suka fito, inda koyarwar ta kafu sosai. Mun gode musu da bishara, amma ya kamata mu san wane ne nassi, wane ne sharhi.

Ɗan Billiri:
To malamin makaranta, Darby ne ya rubuta Irmiya 31:35-37? Allah ya ce sai in rana da wata da taurari sun bar tsarinsu, sannan Isra'ila za ta daina zama al'umma a gabansa. Yau da safe rana ta fito a Billiri. A Bauchi fa?

Ɗalibin Tauhidi, Bauchi:
Ta fito. Amma wace Isra'ila? Tambayar ke nan.

Baba Dattijo, Kaltungo:
'Ya'yana, ku saurara kaɗan. Kowannenku ya riƙe gaskiya, amma rabinta. Wannan tambaya da kuke ja a kai, Bulus ya yi ta da kansa, ya kuma amsa ta da kansa. Romawa 11:1: shin Allah ya ƙi jama'arsa ne? Ya ce a'a, ko kaɗan, ga ni nan, ɗan kabilar Biliyaminu. Sura uku ya ɓata a kan wannan, 9 da 10 da 11, kuma da hawaye ya fara, har ya ce da ma a la'anta shi saboda 'yan'uwansa. Duk wanda zai yi magana kan Yahudawa bai zauna cikin surorin nan uku ba, ya yi gaggawa.

Ni manomi ne, na kuma daɗe ina aurar da mangwaro a lambu. Za ka sami ɗan mangwaron gida, mai zare, wanda saiwarsa ke jure fari. Ka yanke kansa, ka tsaga. Ka je wurin bishiya mai 'ya'ya masu daɗi ka yanko ɗan reshe, ka fiƙe gindinsa, ka cusa a tsagar, ka naɗe da leda tam don kada iska ko ruwa su shiga. Bayan 'yan makonni sai ka ga toho. Kullum reshen ne mai daraja, gindin kuwa na banza ne. Haka kowane manomi yake yi. Amma ku duba abin da Bulus ya ce a Romawa 11:17-24. Ya juya abin. Gindin ne mai daraja, zaitun na gida, wato Ibrahim da Ishaku da Yakubu da alkawaran. Reshen da aka kawo kuwa na jeji ne. Mu ke nan: Tangale, Waja, Tula, Tera, Sayawa, Hausawa, Turawa, duka. Shi ya sa a aya ta 24 ya ce abin ya saɓa wa yadda aka saba. Ba haka manomi ya saba yi ba. Alheri ne kawai ya yi shi.

Bishiya ɗaya ce, ba biyu ba. A nan ɗana na Bauchi yana da gaskiya. Amma ba a tumɓuke ta an dasa wata ba, a nan ɗana na Billiri yana da gaskiya. An sare waɗansu rassa saboda rashin bangaskiya, waɗansu kuwa ba a taɓa sare su ba. Bitrus, Yahaya, Maryamu, mutum 3,000 na ranar Fentikos, ai Yahudawa ne da waɗanda suka shiga addininsu. A Ayyukan Manzanni 15 ma gardamar da aka yi a Urushalima ita ce ko za a karɓi irinmu ba tare da kaciya ba. Ba a taɓa tambayar ko Bayahude yana da wuri ba. Mu ne baƙin.

Ga kashedin kuma, aya ta 18: kada ka yi wa rassan fahariya, ba kai ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ke ɗauke da kai. Aya ta 23: Allah yana da ikon mayar da su. Aya ta 28 da 29: ƙaunatattu ne saboda kakanni, gama Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Malama, abin da za ki koya wa yara ke nan. An shigo da mu, ba a kori masu gida ba.

Malamar Lahadi, Tumfure:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wannan yara za su gane shi, don da yawansu suna da mangwaro a gida.

Katikis, Yelwa:
Na gode wa Baba. Ina so in ƙara dalilin da ya sa maganar yaron nan, "an cire su an sa mu", ta tayar mini da hankali. An taɓa koyar da ita a majami'u shekaru aru-aru, kuma ta ci rayuka.

Tun a shekara ta 144 ikkilisiyar Roma ta kori Markiyon saboda ya ce a zubar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, wai Allahn Yahudawa dabam ne da Uban Yesu. An ƙi shi, amma warin koyarwarsa bai fita ba. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azi, ya yi jerin wa'azi masu zafi a kan Yahudawa a Antakiya a 386 da 387. A 1290 aka kore su daga Ingila, a 1492 daga Sifen. Martin Luther, wanda 'yan'uwanmu da yawa a zauren nan ke girmamawa, ya rubuta littafi a 1543 yana cewa a ƙone majami'unsu. Ban kawo shi don in tsame Katolika ba, namu laifin yana da yawa. A Turai Makon Shan Wuya ya kasance lokacin fargaba ga Yahudawa, domin mutane kan fito daga sujada suna kiransu masu kashe Almasihu. Da Hitila ya zo ya hallaka Yahudawa miliyan 6, ba Kiristanci yake bi ba, amma ya tarar an riga an share masa fili a zukatan mutane.

Shi ya sa a 1965, a babban taron Batikan na biyu, Ikkilisiyar Katolika ta fitar da sanarwar Nostra Aetate. Ta ce ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau, kuma kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta. A 1986 Paparoma John Paul na biyu ya shiga majami'ar Yahudawa ta Roma ya kira su yayyenmu. Mu da muke koya wa yara, mu kula da yadda muke karanta labarin gicciye. Zunubina da naka ne suka kai shi can.

Ɗalibin Tauhidi, Bauchi:
Baba Katikis, ban ce a ƙi kowa ba, Allah ya sawwaƙe. Cewa nake yi alkawaran sun cika cikin Almasihu, kuma ƙofa a buɗe take ga Bayahude da Ba'al'umme daidai wa daida. Afisawa 2:14, ya rushe katangar da ta raba mu.

Katikis, Yelwa:
Na sani, ɗana. Amma ka lura, sabon alkawarin da ke Irmiya 31:31, da gidan Isra'ila da gidan Yahuza aka ce za a yi shi. Matiyu 21:43 kuma, aya ta 45 ta ce manyan firistoci da Farisiyawa sun gane da su yake. Da shugabanni yake magana, ba da dukan kabila ba. Taron da ke wurin ma sun ɗauke shi annabi.

Mama Zumunta, Gombe:
Ni ba ni da ilimin tauhidi, amma na je ziyarar ƙasa mai tsarki, ina so in faɗi abin da idona ya gani. Na yi kuka a lambun Gatsemani, na yi kuka a bakin tekun Galili. Na ga Yahudawa tsofaffi a Bangon Kuka suna rangaji suna karanta Zabura, zaburar da muke rerawa a nan. Zuciyata ta ce waɗannan 'yan gida ne.

Amma ranar da muka shiga Baitalami, sai da muka wuce ta katangar siminti mai tsawo da shingen sojoji. A wani shago na sayi ɗan gicciye na itacen zaitun. Mai shagon Balarabe ne, Bafalasɗine, da gicciye a wuyansa. Ya ce kakanninsa Kirista ne tun kafin bishara ta kai Turai. Ya ce yawancin danginsa sun bar ƙasar saboda wahala. Sai ya tambaye ni, da ya ga 'yar tutar Isra'ila a jakar wata daga cikinmu, "Ku 'yan Najeriya, in kun koma, mu ma kuna yi mana addu'a?" Har yau tambayar nan tana cina. Mutumin nan an yi masa baftisma da sunan da aka yi mini. In shi ba zaɓaɓɓe ba ne, ni mece ce? Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoba 2023 nake jin ana addu'a a taronmu, ban taɓa jin an ambaci Kiristan da suka fake a majami'un Gaza ba.

Ɗan Billiri:
Mama, da girmamawa, ba Isra'ila ce ta fara ranar 7 ga Oktoba ba. An kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila a rana ɗaya. Mu da muka san abin da ake nufi da a shigo gari da dare, ya kamata mu gane.

Mama Zumunta, Gombe:
Na gane, ɗana, na kuma yi musu kuka. Uwa ce ni. Yaran Gaza da aka tono daga ƙarƙashin gine-gine, su ma uwaye suka haife su.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, a yi hattara. Tambayar Malama ta nassi ce. Wanda zai taɓo yaƙi ya taɓo shi ta inda ya shafi nassi kawai.

Mai Bishara, Bambam:
To bari in taɓo shi ta nan. Mutane suna ɗauka zaɓe yana nufin duk abin da ka yi daidai ne. Annabawa ba su ɗauka haka ba. Amos 3:2: ku kaɗai na sani cikin dukan kabilan duniya, saboda haka zan hukunta ku domin laifofinku. Saboda haka, ba duk da haka ba. A Amos 9:7 har cewa ya yi, ba daidai kuke da Habashawa a wurina ba? Ni na fito da ku daga Masar, ni kuma na fito da Filistiyawa daga Kaftor. Maimaitawar Shari'a 7:7 da Malama ke koyarwa ta ce ba don yawansu ba ne, sura 9 ta ce ba don adalcinsu ba ne. Ishaya 49:6 ya faɗi dalilin: su zama haske ga al'ummai. Natan ya tsaya gaban Dauda, Iliya ya tsaya gaban Ahab a kan gonar Nabot. In annabi Bayahude zai iya tsawata wa sarkin Isra'ila, to Kirista ba ya zama maƙiyin Allah don ya ce wata gwamnati ta yi ba daidai ba. A cikin Isra'ila kanta Yahudawa suna fita zanga-zanga a kan gwamnatinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne na ji wani yana wa'azi cewa Bayahude ba ya bukatar Yesu, wai shi yana da tasa hanyar. Bulus bai faɗi haka ba. Romawa 10:1, burin zuciyarsa da addu'arsa shi ne su sami ceto. Romawa 1:16, bishara ga Bayahude da fari. Bitrus a gaban majalisar Yahudawa ya faɗi Ayyukan Manzanni 4:12, cewa babu ceto ta wurin kowa sai Yesu. Muna ɗaga tutarsu a motoci da Keke Napep, ba ma roƙa musu abin da Bulus ya roƙa musu.

Maƙwabcinku, Bolari:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin karatuna ya sa ni a zauren nan, ina bin maganar tun farko. Ku ba ni dama in ce wani abu. Mu ma Alƙur'ani ya gaya mana Allah ya fifita Bani Isra'ila a kan talikai, yana nan a Suratul Baƙara aya ta 47 da ta 122. Malamanmu suna fassara shi da mutanen zamaninsu, saboda annabawa da littattafan da aka ba su. A aya ta 124 Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, aka ce masa alkawarin ba ya samun azzalumai. Na ga ya yi kusa da abin da Mai Bishara ya kawo daga Amos. Abin da nake roƙo, kada rigimar wata ƙasa ta shiga tsakaninmu a Gombe. Kasuwa ɗaya muke ci. Mama, maganarki ta taɓa ni.

Baba Dattijo, Kaltungo:
Malam, sannu da zuwa, zaurenka ne. Littafinmu ma bai manta da Isma'ilu ba. Farawa 17:20, Allah ya ce ya sa masa albarka, zai mai da shi babbar al'umma. Alkawarin ceto ta Ishaku ya bi, haka muka gaskata, amma Allah ya ji kukan yaron a jeji ya buɗe wa Hajaratu ido ta ga rijiya.

Ɗan Billiri:
Na ji duka. Ban ce gwamnati ba ta kuskure ba. Amma kuna ta zagaye Romawa 11:26, dukan Isra'ila za su sami ceto. Me za ku yi da ita?

Ɗalibin Tauhidi, Bauchi:
Masana sun rabu uku a kanta. Kalbin, masanin tauhidi na ƙarni na 16, ya ɗauka tana nufin dukan jama'ar Allah, Yahudawa da al'ummai tare. Waɗansu sun ce jimlar ringin Yahudawa ne da suke ba da gaskiya a kowane zamani. Waɗansu kuma, su ne suka fi yawa a yau, sun ce wata babbar juyowa ce ta Yahudawa zuwa ga Almasihu kafin ƙarshe, domin a aya ta 25 Isra'ila tana nufin kabilar, da wuya ta sāke ma'ana a aya ta gaba. Ni ma ta ukun nake bi. Amma ka lura, yayana, a surorin nan uku Bulus bai ambaci komawa ƙasa ba, ba iyaka, ba sarauta. Ceto yake magana a kai. Ko a Tsohon Alkawari ma, Littafin Firistoci 25:23 ya ce ƙasar ta Ubangiji ce, su baƙi ne a wurinsa. Ezekiyel 47:22 ya ce baƙin da ke zaune a cikinsu su ma a ba su gādo.

Ɗan Billiri:
Bulus bai ambata ba, amma almajirai sun ambata. Ayyukan Manzanni 1:6, bayan Yesu ya yi kwana 40 yana koya musu zancen Mulkin Allah, suka tambaye shi ko yanzu ne zai mayar wa Isra'ila da mulki. Bai ce musu kun ɓata ba. Cewa ya yi sanin lokaci ba nasu ba ne. Wanda aka ce masa lokaci bai yi ba, ba a ce masa babu ba.

Ɗalibin Tauhidi, Bauchi:
Aya ta 8 kuma ya tura su Samariya da iyakar duniya.

Ɗan Billiri:
Daga Urushalima ya ce su fara. Ga kuma Luka 21:24, al'ummai za su tattake Urushalima har zamanin al'ummai ya cika. Bayan ya cika fa, sai me? Ka duba littattafanka na makaranta ka kawo mini amsa gobe. Baba Dattijo da Baba Katikis, ina so ku ma ku sa baki a wannan ayar, domin ni a wurina 1967, shekarar da Isra'ila ta kama tsohon birnin Urushalima, tana cikinta.